Eileen Power: tarihi ta rubuta ko labari ta tsara?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ina so mu tattauna a kan Eileen Power, Baturiyar Ingila masaniyar tarihin Turai na zamanin tsakiya. An haife ta a 1889 a garin Altrincham kusa da Manchester, ta rasu a watan Agustan 1940 tana da shekara 51. Babi guda a littafinta Medieval People na 1924 shi ya sa na kawo ta nan.

A farkon ƙarni na 9, shugaban wani babban gidan zuhudu na Kirista da ke gefen Faris, mai suna Irminon, ya sa aka rubuta dukkan gonakin gidan, da sunan duk wanda ke zaune a kansu, da abin da ake bin sa. Littafin haraji ne zalla. A cikinsa akwai 'yan layuka a kan wani manomi Bodo da matarsa Ermentrude da 'ya'yansu uku: ga faɗin gonarsa, ga aikin da zai yi a gandun gidan zuhudu kowane mako, ga kuɗin azurfa, ga kaji 3 da ƙwai 15. Daga nan Power ta gina yini guda na rayuwar mutumin. Ta fito da shi da sanyin safiya yana kora sansa zuwa gandu, ƙaramin ɗansa Wido na gudu a gefe da sanda mai tsini, ita kuma Ermentrude ta ɗauki kaza da ƙwai ta nufi gidan wakili don biyan abin da ake bin su.

Ni a ganina wannan shi ne babban aikin masanin tarihi: ya ɗauki takardar da mai mulki ya rubuta don ƙirga dukiyarsa, ya nemo talakan da ke cikinta. Me kuke gani?

Dakta Bashir:
Wa alaikumus salam Malama. Na karanta babin, kuma yana da daɗin karatu, ba musu. Amma wa ya ga Bodo ya fito da safe? Wa ya ga yaron da sanda? Littafin Irminon bai faɗi ko ɗaya ba. Ki duba inda ta samo kukan mai garma da ta jingina masa, na fita da asuba cikin sanyi don tsoron ubangida. Daga wata tattaunawa ce da wani malamin zuhudu, Aelfric, ya tsara wa ɗalibansa masu koyon Latin a Ingila wajen shekara ta 1000. Ƙasa daban, tazarar kusan shekara 200. Addu'o'in tsarin gona da ta kawo ma akwai na Ingila a ciki. Idan ɗalibina ya haɗa min hujjoji haka a kundin digiri, zan mayar masa ya gyara.

Malama Hadiza:
Dakta, ai ba ta ɓoye ba. Ta faɗi daga bakin wa maganar ta fito, kuma ƙarshen littafin akwai bayanin inda ta ɗauko kowane abu. Tsarin gandu da aikin mata a ɗakin saƙa ta ɗauko su daga dokar da aka fitar zamanin Sarki Charlemagne, mai mulkin Faransa da kewayenta, kan yadda za a tafiyar da gandayen sarki. Camfe-camfen kuwa har da abin da ke cikin littattafan da limaman coci ke dubawa don yanke wa mai zunubi kaffara. Duk abin da ta sa Bodo ya yi, akwai shaidar cewa manoma irinsa sun yi shi. Abin da ta ƙara shi ne sunan da ta rataya wa aikin.

Dakta Bashir:
To wannan ratayawar ita ce matsalata. Mai karatu na gama-gari ba ya leƙa ƙarshen littafi. Zai tashi da yaƙinin cewa ya san Bodo, alhali abin da aka sani game da shi bai wuce layin da ke cikin rajista ba.

Malama Hadiza:
Akwai maganin wannan a aji. A ba ɗalibi layukan Irminon a hannu ɗaya, babin Power a ɗaya hannun, a ce ya ja layi a ƙarƙashin abin da rajista ta faɗa, ya zagaye abin da ta kawo daga wani wuri, ya sa alama a kan abin da ta zata. Wanda ya yi wannan aikin sau ɗaya ya koyi auna hujja fiye da wanda ya haddace sharuɗɗanta.

Malam Ilyasu:
Ku gafarce ni malamaina. Mu da ba mu gama sanin tarihin Gobir da Kabi ba, me ya kai mu ga Baturiyar da ta yi rubutu kan manoman Faransa? Ba raini ba ne, tambaya ce.

Malam Nura:
Malam Ilyasu, tambayarka na kan hanya, kuma da ka ambaci Gobir ka taɓo amsar da kanka. Power da Denison Ross su ne editocin wani jerin littattafan matafiya da aka riƙa bugawa a Landan, kuma a cikin jerin ne aka fitar da zaɓaɓɓun sassan tafiyar Ibn Battuta cikin Turanci a 1929, fassarar Hamilton Gibb. A wannan tafiyar ne Ibn Battuta ya sauka Takedda, da ke Nijar ta yau, a 1353, ya ce daga can ake kai tagulla Gobir da Borno. Masu karatun Turanci da yawa ta wannan bugun suka fara sanin tafiyarsa ta Mali. Ita ba ta ɗauki tarihin zamanin tsakiya a matsayin na Turai kaɗai ba. A 1920 zuwa 1921 ta samu tallafin tafiye-tafiye na Albert Kahn, mace ta farko da aka ba, ta zagaya Indiya da Jawa da Sin da Jafan, har ta gana da Gandhi. Ka lura, a littafin da Malama ke magana, babin da ke bin na Bodo a kan Marco Polo ne da ƙasar Sin.

Zainab:
Malamaina, ni rayuwarta ce ta fi tsaya min a rai. Mahaifinta dillalin hannun jari ne, aka ɗaure shi a 1891 saboda zamba, tana 'yar shekara biyu. Mahaifiyar ta koma gidan iyayenta da 'ya'ya mata uku, sannan tarin fuka ya kashe ta a 1903. Dangin uwa ne suka riƙe su a Oksfod. Duk ukun sun tsaya da ƙafafunsu: Eileen a jami'a, Rhoda a rediyo da rubuta littattafan yara, Beryl kuma a aikin gwamnati, har ta shiga hukumar da ta binciki halin ma'aikata a Indiya daga 1929 zuwa 1931.

Eileen ta shiga kwalejin mata ta Girton a Kambirij a 1907, ta ci jarabawar tarihi da daraja ta ɗaya. Amma Kambirij a lokacin ba ta ba mace digiri. Mace za ta zauna jarabawa iri ɗaya da maza, a fitar da sakamakonta, ta tafi ba digiri. Daga 1913 ita ce ke kula da karatun tarihi a Girton, tana shirya ɗalibai mata don jarabawar jami'ar da ita kanta ba mamba ba ce a cikinta. Oksfod ta buɗe ƙofa a 1920. Kambirij ta ƙi a ƙuri'ar 1921, ba ta amince ba sai 1948, shekara takwas bayan rasuwar Power. Jami'ar Landan kuwa tun 1878 take ba mata digiri. Shi ya sa ban yi mamaki ba da ta koma Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, wadda ake kira LSE, a 1921, kuma a can ta zama farfesar tarihin tattalin arziki a 1931.

Anti Rabi:
Allah ya yi miki albarka Zainab. Ni tsohuwar malamar firamare ce, don haka abin da nake so a ƙara shi ne shirye-shiryen tarihi na 'yan makaranta da ita da ƙanwarta Rhoda suka yi wa rediyon BBC. Farfesa guda ta zauna ta tsara darasin da yaro ɗan shekara goma zai fahimta. Dakta, kai da kake kukan mai karatu na gama-gari, ai dominsa ta rubuta. Yaro ba ya riƙe "manoman ƙarni na 9". Yana riƙe mutum mai suna da mata da 'ya'ya.

Dakta Bashir:
Anti, ban ƙi ba. Na aji daban, na bincike daban. Kuma don kada a ce na tsane ta, bari in faɗi inda nake cire mata hula: littafinta kan cinikin ulu. Laccoci ne da ta gabatar a Oksfod a 1939, jerin laccocin Ford, ita ce mace ta farko da aka gayyata ta yi su, aka buga su a 1941 bayan rasuwarta. Ɗan ƙaramin littafi ne, amma babu zato a cikinsa. Rajistar kwastan, takardun 'yan kasuwa, lissafin gandaye.

Alhaji Lawan:
Yauwa Dakta, yanzu ka zo inda nake ji. Ni ɗan kasuwa ne, ba ɗan boko ba. Yi min bayani dalla-dalla. Gashin tumaki ne har ya isa a yi masa laccoci a jami'a?

Dakta Bashir:
Ranka ya daɗe Alhaji, ya isa har ya yi saura. A ƙarni na 13 da na 14 babban abin da Ingila ke fitarwa waje shi ne ɗanyen ulu. Masaƙan Flanders, wato garuruwan Ghent da Bruges da Ypres da ke Beljiyam ta yau, da na Florence a Italiya, da shi suke saƙa yadi mai tsada. Buhu ɗaya nauyinsa wajen kilo 165, kuma a farkon ƙarni na 14 ana fitar da buhu dubu 30 ko fiye a shekara. Manyan gidajen zuhudu suna da garkunan tumaki dubbai. 'Yan kasuwar Italiya kan zo su biya kuɗin ulun shekaru masu zuwa tun ba a yi aski ba, idan cuta ta faɗa wa garke sai gidan ya tashi da bashi a wuya.

Sarki ya ga wuri ne mai sauƙin tatsa, tunda kaya sai ta tashar jirgi suke fita. A 1275 Sarki Edward na ɗaya ya sa sule 6 da kwabo 8 a kan kowane buhu. A 1294, da yaƙi da Faransa ya taso, ya ɗaga shi zuwa sule 40. Manyan ƙasa suka yi ca, har a ƙorafinsu na 1297 suka ce ulu ya kusa kai rabin darajar ƙasar baki ɗaya. Jikansa Edward na uku ya ci bashin bankunan Bardi da Peruzzi na Florence da jinginar kuɗin ulu don ya yi yaƙi, ya kasa biya, bankunan suka rushe a shekarun 1340.

Ga inda Power ta yi fice. Ta nuna cewa sarki ya fi son ya kira manyan 'yan kasuwa su kaɗai, su amince masa da haraji, shi kuma ya ba su babakere. Su ba abin da ya dame su, don za su rage farashin da suke sayen ulu a hannun makiyayi ne. Masu tumakin kuwa wakilansu na majalisar dokoki. Sai majalisa ta dage cewa harajin ulu sai da yardarta, kuma a hankali ta ƙwace wannan iko. Ƙarshenta aka tsayar da kasuwa guda, Calais, tashar jirgi a gaɓar Faransa da ke hannun Ingila a lokacin, daga 1363, aka danƙa cinikin ga ƙungiyar 'yan kasuwar Ingila.

Alhaji Lawan:
Ikon Allah. Wannan kam na gane shi sarai, don duk harajin da aka ɗora wa dillali, a kan mai kaya yake sauka. Amma Dakta, in haraji ya yi nauyi a kan ɗanyen kaya, ai mai hankali sai ya sarrafa shi a gida ya fitar da yadi.

Dakta Bashir:
Alhaji ka riga ni. Abin da ya faru ke nan, kuma ta yi bayaninsa. Harajin ɗanyen ulu mai nauyi ne, na yadin da aka saƙa kuwa ɗan kaɗan. Masaƙin Ingila na sayen ulu da araha, takwaransa na Flanders na saye da tsada. Ba niyyar sarki ba ce ya gina masana'anta, kuɗin yaƙi yake nema, amma zuwa ƙarni na 15 fitar da yadi ya fara rinjayar fitar da ɗanyen ulu. Har yau a majalisar dattawan Ingila, shugaban zama a kan wani katafaren matashi cike da ulu yake zama.

Malama Hadiza:
Dakta, ka ga hannun da ya rubuta wannan shi ya rubuta wancan. A littafin 1924 ɗin ma akwai babi kan Thomas Betson, ɗan kasuwar ulu na Calais, da Thomas Paycocke, attajirin yadi na garin Coggeshall. Na Betson daga wasiƙunsa ta gina shi, na Paycocke daga wasiyya da gidansa da ke tsaye har yanzu. Ba ta raba lissafi da mutane ba. Ta san nauyin buhu, ta kuma san mai buhun yana rubuta wa wadda zai aura wasiƙa yana roƙonta ta riƙa cin abinci sosai.

Zainab:
Malama, ina tare da ke a yawancin maganarki, amma akwai inda nake ganin ta yi rauni, kuma ba a babin manomin ba. Babban littafinta na farko, na 1922, a kan gidajen zuhudu na mata ne a Ingila daga 1275 zuwa 1535. Ta ƙirga wajen gida 138, yawancinsu ƙanana kuma matalauta. Babbar hujjarta ita ce rahotannin rangadin bishop-bishop, musamman na William Alnwick na Lincoln a shekarun 1430 da 1440. Bishop zai zo, ya kira matan ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi abin da ke damunta. Wannan ta ce shugaba ta jinginar da kayan gida, waccan ta ce rufin ɗaki na yoyo, wata ta ce ana shigo da karnuka wurin ibada, wata ta ce wance na sa zobe da mayafin siliki.

To ai irin wannan takarda laifi kawai take kamawa. Kamar a rubuta tarihin aure daga rajistar kotu ne: sai wanda ya lalace za a gani. Gidan da ke lafiya, magatakarda layi ɗaya yake rubutawa cewa komai daidai, ya wuce. Sai hoton da ya fito ya zama na gidaje masu sakaci da bashi. Kuma editan jerin da littafin ya fito, G. G. Coulton, wanda ya yi mata jagora, an san shi da zafin sukar cocin Katolika. Masu binciken da suka zo daga baya, irin su Marilyn Oliva da ta duba gidajen yankin Norwich, sun bi wasiyyoyi da littattafan lissafi, suka ga mutanen gari na ci gaba da bar wa waɗannan gidaje sadaka har zuwa lokacin da Sarki Henry na takwas ya rufe su. Mutane ba sa barin dukiyarsu ga wurin da suka raina.

Dakta Bashir:
Madalla Zainab. Wannan suka ta fi tawa nauyi, don a nan ba a ce don yara aka rubuta ba. Littafin bincike ne mai shafi sama da 700, kuma ya yi shekaru da dama shi kaɗai ne madogara a fannin.

Malama Hadiza:
Sukar tana da tushe, amma a yi mata adalci. Ita kanta ta gargaɗi mai karatu a cikin littafin cewa takardun rangadi aibi suke tarawa. Sannan kafin 1922 wa ya ɗauki waɗannan mata da muhimmancin da zai bi diddigin abin da suke ci, da kuɗin tufafinsu, da yaran da suke karɓa su koyar don samun na cefane? Waɗanda suka gyara mata hoton, a kan filin da ta share suka tsaya. Kuma dalilin da ya sa littafin ya daɗe ba kishiya, ba laifinta ba ne. Bayan yaƙin duniya na biyu tarihin tattalin arziki ya karkata ga alƙaluma da jadawali, tarihin mata ya koma gefe, sai a shekarun 1970 aka dawo kansa.

Anti Rabi:
Ni kuma abin da ke min ciwo shi ne yadda sunanta ya dushe bayan ta mutu. Na ji an ce mijinta ma farfesa ne. Zainab, haka ne?

Zainab:
Haka ne Anti. Michael Postan, wanda aka haifa a Bessarabia a daular Rasha a 1899. Ya zo LSE ɗalibi, ya zama mataimakinta a bincike, suka riƙa gudanar da taron ƙara wa juna sani tare, suka fitar da littafi kan cinikin Ingila na ƙarni na 15 a 1933, suka yi aure a 1937. A 1938 ya samu kujerar farfesan tarihin tattalin arziki a Kambirij. Bayan shekara biyu zuciyarta ta buga ta rasu farat ɗaya. Shi ya rayu har 1981, ya zama babban suna da nazarinsa kan yawan jama'a da ƙarancin ƙasar noma kafin annobar 1348. Shekara 41 yana rubutu da yaye ɗalibai bayan ita ta yi shiru, dole sunansa ya fi amo. Amma shi ne ya shirya laccocin ulu don bugawa, kuma shi ya tattara laccocinta kan matan zamanin tsakiya ya fitar da su a 1975. Tarihin rayuwarta cikakke sai a 1996 Maxine Berg ta rubuta.

Malam Ilyasu:
To ban da littattafai, me ta bari? Malami ai da almajiransa ake auna shi.

Malam Nura:
Ta wannan ma'aunin ma ta cika, Malam Ilyasu. Tana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Tarihin Tattalin Arziki a 1926, ita ce sakatariyarta har ta rasu, kuma mujallar ƙungiyar da aka fara a 1927 na fitowa har yau. Ita da R. H. Tawney suka tattara takardun tattalin arzikin zamanin sarakunan Tudor cikin juzu'i uku a 1924. Ita da John Clapham suka tsara babban jerin tarihin tattalin arzikin Turai na Kambirij, juzu'in farko ya fito a 1941.

Almajirai kuwa, akwai Eleanora Carus-Wilson, wadda ta ci gaba daga ulu zuwa yadi. A 1941 ta fitar da maƙalar da ta ce yaɗuwar injin ruwa mai bugun yadi a ƙarni na 13 ya janye sana'ar daga birane zuwa ƙauyukan da ke bakin rafuka masu gudu, daga baya ita ma ta zama farfesa a LSE. Akwai Sylvia Thrupp da ta rubuta kan attajiran Landan na zamanin tsakiya, ta ƙare aikinta a Jami'ar Michigan a Amurka. Akwai Marjorie Chibnall, wadda Power ta duba kundin digirinta na uku kan gandayen da gidan zuhudu na Bec na Faransa ke da su a Ingila, daga baya ta tace ta kuma fassara littafin tarihin da malamin zuhudu Orderic Vitalis ya rubuta cikin juzu'i shida tsakanin 1969 da 1980.

Dakta Bashir:
Ka lura Malam Nura, duk ukun da ka lissafa ta ɓangaren rajista da takardu suka gaje ta. Carus-Wilson ta ƙare da jadawalin kayan da Ingila ta fitar daga 1275 zuwa 1547, tashar jirgi bayan tashar jirgi, shekara bayan shekara, ita da Olive Coleman. A kansa duk mai binciken cinikin Ingila yake dogara yanzu, har da masu musanta ra'ayinta kan injin ruwa.

Alhaji Lawan:
Dakta, in ka samu sarari ka ɗauko mana hoton shafi ɗaya na wannan jadawalin, na shekarun da yadi ya fara wuce ulu. Ina so in ga yadda alƙaluman suka juya da idona.